Tukunyar Jirgin Zacharias

Na fara sanin Zacharias a shekarar 1961, a makarantar mishan, muna sanye da gajeren wando mai sitaci. Ni na tafi koyarwa, shi ya tafi gyaran jirage a kamfanin jirgin sama. Da kamfanin ya mutu, aka yayyanka jiragen aka sayar wa maƙera. Ya bi su har rumfa ya sayi tukunya ɗaya, yana rantsuwa cewa da fiffiken jirginsa aka zuba ta. Yanzu muna maƙwabtaka a Jikwoyi.

Ina wurinsa ranar Asabar sai ga jikarsa Lucia da ƙunshi a hannu. Washegari za ta tafi Turai aiki a masana'antar ƙera jirage, shi kuwa ya ƙi sa mata albarka. Ta gaishe shi, ya amsa.

"Lafiya lau, ban mutu ba tukuna. Gado kika zo dubawa?"

"Gadon me, mijina? Tsohuwar rediyo da haƙori biyu?"

"Na sake ki tun jiya. Ba na zama da mace mai gudun ƙasa."

"Wa zai kwashe ka in ba ni ba? Ko tsoffin matan zumuntar coci sun ce ka yi musu tsufa."

"Malam, ka ji ta? Wai za ta ƙera jirgi! Yarinyar da ta ɗora mini tukunya a wuta ba ruwa, ta tafi wasa, har ta huje."

"Ina 'yar firamare fa! Kai da ka shekara talatin kana gyara, ina jiragen? Ana tuƙa tuwo a cikinsu."

"Ba mu muka kashe su ba. Masu manyan riguna ne. Mun ɗaure kowace ƙusa, su suka kwance kamfanin. Yanzu jirgin wasu ke zuwa ya kwashe mana yara, mu kuma muna ɗaga masa hannu kamar wawaye."

"To in zauna in ƙera me a nan, Kaka? Ludayi?"

"Ki zauna ki binne ni."

"Kai? Za ka binne duk Jikwoyi. Zan dawo kowace Kirsimeti in same ka kana zagin gwamnati."

"Ubanki ma haka ya ce. A kujerar jirgi ya tafi, a cikin kaya aka dawo mini da gawarsa."

Lucia ta matso kusa da shi. Ta kwance ƙunshin ta ɗora masa a cinya. Tukunyar ce, ashe ta ɗauke ta daga ƙarƙashin gado ba da saninsa ba. An yi wa hujin faci da ƙananan ƙusoshi a jere, irin na jikin jirgi. Idon Zacharias ya yi rauni, don haka da yatsa ya bi su, sannu a hankali, ya sake bi.

"Wa ya buga waɗannan?"

"Matar da ka saki."

"Ɗaya ta karkace."

"Ƙarya kake, makaho."

Ya yi dariya har ta koma tari. Ya goge ido da hannun riga.

"Ƙarya nake. Durƙusa, ja'ira."

Ta durƙusa. Ya ɗora mata hannu a ka, ɗayan hannun yana riƙe da tukunyar.

"Je ki ƙera musu, Ubangiji ya tsare. Amma ki dawo mini a kujera."