Gyaɗa a Ɗakin Garkuwoyi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ladabi ya raba ni da aikina ba, ko da zan so.

Shekara goma sha ɗaya ina zagayawa da baƙi a wani tsohon gidan tarihi da ke gindin dutse, tsakanin Kazaure da Roni. Da korona ta shigo aka garƙame ƙofa, aka bar ni da makulli da jemagu. Damina ta faɗi, gyaɗar da na ajiye tun kaka ta fara jin danshi a gida. Sai na kwaso ta na baza a ɗakin garkuwoyi, tunda ba mai shiga (a lokacin har yaba wa kaina basira nake yi). Wata tsohuwar garkuwar fata ma faifai na mayar da ita.

Ana nan Daraktan hukumarmu ya bugo mini waya. Ya ce tunda jama'a ba za su zo ba, gidan ne zai je musu ta intanet: in riƙe waya in zagaya, manyan hukumarmu da ɗalibai suna kallo kai tsaye. Daga abin da suka gani za a yanke shawara, ko a ci gaba da kula da gidan ko a bar shi a rufe.

Kwashe gyaɗar aikin awa ɗaya ne. Ban kwashe ba. Na ce a raina zan tsaya a bakin ƙofa in ɗaga waya sama, bango kawai za a gani.

Na fara lafiya lau. Na nuna zaure, na nuna azara, baki na ta zuba. Ina isa ƙofar ɗakin sai na ji muryar shugaban hukumar, dattijo, abokin marigayi mahaifina.

"Malam, sannu da ƙoƙari."

Jikina bai nemi shawarata ba. Na zube na durƙusa. "Ranka ya daɗe, barka da war haka." Wayar kuwa ta sauko tare da ni, idonta a kan gyaɗa.



"Wannan gyaɗar ta wane zamani ce?" in ji dattijon.

"Ta bara ce, ranka ya daɗe."

Haka na faɗa. Wallahi haka na faɗa.

Sati bai cika ba aka karɓe makulli. Korona ta wuce, ba a sake buɗe gidan ba. Ba mai yi masa yaɓe, bara rufin ɗakin garkuwoyin ya rufta. Duk sanda ɗan acaɓa ya bi da ni ta wajen, kawar da kai nake yi, don raina ba ya iya ɗauka.

Darasin da na koya ya zo a makare: dattijon da ke cikin waya ba ya ganin durƙusonka, abin da ka baza a ƙasa yake gani.