Taku Goma Daga Bakin Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na haƙa rami bakwai a bakin teku ba, ina gumi, ina zagin mutanen da ba su tare mini komai ba. Shekaru sun ja, haƙora sun zube, sunayen jikokina ma sai na yi lalube kafin in kamo na daidai, amma wannan rana tana nan daram. In ta faɗo mini a rai ina cin tuwo, sai in ture kwanon gefe.

A lokacin, wajen alif ɗari tara da talatin da 'yan kai (kada ku matsa mini da shekara, mu ba da takarda aka haife mu ba), ni ne jagoran kumandan, wato baturen mulki, a Gure. In za a fita rangadi Kelle ko Alakos, ni ke gaba bisa raƙumi. Sana'ata sanin rairayi. In na dubi sawu zan gaya maka raƙumi ne ko taguwa, da kaya ko ba kaya, jiya ya wuce ko shekaranjiya. Da wannan suna nake ci, da shi nake ciyar da gidana, da shi kuma nake taƙama, taƙama ba 'yar kaɗan ba. Ranar da aka ce jagora bai san rairayi ba, ranar tukunyata ta sauka daga murhu.

A biron kumandan, wato ofishinsa, akwai wani malamin rubutu sunansa Kosi, mutumin Dahome, daga can bakin teku. Siriri ne, shiru-shiru, kullum da lema a hannu. Shekarar da ya zo, muna hanyar Kelle, ya zaga bayan wata jigawa don biyan bukata, iska ta taso ta share sawunsa, ya rasa gabas ya rasa yamma. Na same shi zaune ƙarƙashin lemarsa yana hawaye, alhali tsakaninsa da zango bai fi jifa biyu ba. Da ni mutumin kirki ne, da na kamo hannunsa na ja bakina. Ina! Shekara shida ina ba da labarin nan, a kasuwa, a ƙofar masallaci, a gidan suna, har da kwaikwayon yadda ya riƙe lemar. Sunansa ya ɓata a Gure, yaro da babba sai Mai Lema. Shi kuwa sai dai murmushi. Wai a hakan abokai ne mu, kuma har zuciyata na ɗauka haka abota take.

Da aka ba shi dogon hutu sai ya ce, "Jagora, kai ka nuna mini rairayinku. Zo mu je in nuna maka ruwanmu." Rani ne, babu rangadi, kumandan ya ce in tafi. Na ɗauko babbar rigata fara, ɗinkin Damagaram, wadda ba ni da ta biyunta, da rawanina mai shuni, muka kama hanya. Kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Kano, jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga nan muka bi gaɓar teku muka nufi yamma, ba gaggawa, ba wanda ke jiranmu.

Ni dai ban taɓa yin tafiya don a yi tafiya kawai ba. A wurinmu ana fita ne neman rijiya, ko bin ɓatacciyar dabba, ko ta'aziyya. Nan kuwa sai mu kwana biyu a wannan ƙauye, uku a wancan, aikinmu zama da kallon ruwa. Masaukan ma wani abin mamaki ne. Gida ne na mutane, da 'yan ɗakuna a gefe, a ba ka gado, da safe a kawo maka karin kumallo, koko da ƙosai ko soyayyen kifi, shi ke nan, sauran yini kai da cikinka. (A Gure in ka yi wa baƙo haka, sai an kwana bakwai ana yi da kai a bakin rijiya.) Da farko na ƙullace su, daga baya na ga ashe akwai hutu a ciki, ba ka takura kowa ba, ba wanda ya takura ka. Har na fara ƙiba.

Masaukinmu na ƙarshe na wata dattijuwa ce, Iya Afi, mace mai tsabta da kaifin murya. Mijinta tsohon masunci ne da ya daina shiga teku, kullum yana gindin kwakwa yana ɗinkin taru. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensu, sai mu ɗaga wa juna hannu. Shi ne ma ya sa aka ware mini tukunya da kwano, da ya ji ni Musulmi ne.

Ran nan da safe Kosi zai je gai da danginsa a wani ƙauye kusa, ni kuwa na ce zan yi yawo a bakin ruwa. Iya Afi ta dubi rigata ta yi magana, Kosi ya fassara: "Ta ce ka bar rigar a ɗaki, ruwan nan ba shi da amana." Na yi dariya na ce, "Gaya mata ba shiga zan yi ba, a kan rairayi zan tsaya, rairayi kuwa ni da shi mun san juna." Gaskiyar magana (tun da yau ranar tonon silili ce), ɗakin ne ban yarda da shi ba, don ƙofarsa ba kuba, tabarma ce kawai a rataye. Mutanen da suka ba ni gado da abinci, su nake wa kallon ɓarayi tun ba su yi komai ba.

Da na isa gaɓa zafi ya dame ni, irin zafin nan nasu mai danƙo. Sai na yi abin da kowane ɗan Gure zai yi in kaya sun yi masa nauyi a daji. Na tuɓe riga da rawani, na naɗe su tare, na zaɓi wata kwakwa mai karkata na saita ta, na ƙirga taku goma daga bakin ruwa, na haƙa rami har gwiwar hannu na binne. Ban kafa alama ba, alama ai gayyatar ɓarawo ce. Na share sawuna tsaf. Na dai lura rairayin wurin da danshi, ya kuma daskare, sai babban masani ya ce a ransa raɓa ce.

Ku yi mini adalci kaɗan a nan. A ƙasarmu, in ka auna daga bakin tabki yau, ka dawo bayan mako, bakin yana nan inda ka bar shi, in ya ja baya ma bai fi taki ɗaya ba. Ruwa ba ya ƙaruwa sai sama ta zubar. Kwana nawa ina kallon teku, ina ganin yana tasowa yana komawa, amma ban taɓa tsayawa wuri ɗaya na kula da iyakarsa ba, ban kuma tambayi kowa ba. Tambaya ai ta wanda bai sani ba ce.

Na yi tafiyata daga ni sai wando da 'yar shara. Na taya masunta jan taru, aka ba ni ruwan kwakwa na sha, na kwanta a inuwa barci ya kwashe ni. Wallahi ban taɓa jin daɗin duniya kamar na wannan hantsi ba. Sai wajen azahar na dawo, na saita kwakwata mai karkata, na tsaya a bakin ruwa, na ƙirga taku goma, na haƙa. Wayam. Na matsa dama na haƙa, na matsa hagu na haƙa, har rami bakwai. Ko zare ban gani ba.

Nan fa jagora ya tashi aiki. Na duƙa na duba ƙasa, sai ga sawun mutum ɗaya ya ratsa wurin: tsoho, yana jan ƙafar hagu, da kaya a kafaɗar dama. Na ce alhamdu lillahi, yau za su san wanda suka taɓa. Na bi sawu tiryan-tiryan, bai kai ni ko'ina ba sai cikin masaukinmu, gindin kwakwa, gaban mijin Iya Afi. (Sawun dai nasa ne, a nan ban yi kuskure ba. Kayan kafaɗar kuwa tarunsa ne, ga shi shimfiɗe a gabana, amma idona ya rufe.)

Na tsaya a kansa na nuna shi da yatsa, na ɗaga murya. Ban bar komai ba: ɓarawo, maci amana, tsohon banza. Sauran baƙi suka fito, maƙwabta suka leƙo, Iya Afi ta saki taɓarya. Ana cikin haka Kosi ya shigo.

"Kosi, gaya wa tsohon nan ya fito mini da rigata!"

"Jagora, sannu. A ina ka ajiye ta?"

"Na binne ta, taku goma, na kuma bi sawunsa har nan."

"Taku goma daga ina?"

"Daga bakin ruwa mana, daga ina kuma?"

Kosi ya runtse ido. Bai yi dariya ba, ko kusa. Ya matso ya ce a hankali, "Don girman Allah ka yi shiru haka nan." Na ce ba zan yi ba, ya fassara duk abin da na faɗa. Ashe ba a bukatar tafinta, yatsa yarensa ɗaya ne a duk duniya. Tsohon ya ajiye allurarsa, ya tambayi Kosi abin da ya faru, ya saurara, sannan ya faɗi 'yan kalmomi. Kosi ya ce, "Ya ce ka jira rana ta yi sanyi. In ba a ga rigarka ba, ka ɗauki kwalekwalensa."

Da la'asar sakaliya muka fita, mu da rabin ƙauyen. Tsohon ya zaunar da ni kusa da ramukana bakwai, ya zauna gefena, ya nuna mini ruwa da haɓa. Muka yi ta kallo. Jama'a, ruwan nan tafiya yake yi! Kowace igiya ta zo sai ta tsaya baya da inda 'yar'uwarta ta tsaya. Ƙasar da ɗazu take ƙarƙashin teku ta fito fili, da danshi, a daskare, irin wadda na kira raɓa da safe. Tun kafin a ce mini komai na gane a cikin teku na yi binniyata. Na roƙi Allah a zuciyata, Allah ya sa teku ya tafi da rigar, don in ba a gan ta ba ko banza da sauran abin faɗa.

Allah bai karɓi wannan addu'a ba, kuma ya yi daidai. Da rana ta kusa faɗuwa tsohon ya taɓa kafaɗata. Na tashi, na saita kwakwa, na ƙirga goma daga sabon bakin ruwa, kowa yana ƙirgawa tare da ni da yarensu. Na durƙusa na haƙa da hannuna. Ga riga, ga rawani, yadda na naɗe su, sharkaf, shunin rawanin ya zuba ya yi wa farar rigar dabbare-dabbare. Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi dariya da na ji sauƙi. Iya Afi ce kawai ta faɗi wata gajeriyar magana, wadda har muka rabu Kosi bai yarda ya fassara mini ba.

Washegari na kasa fitowa daga ɗaki. Na ɗaure kayana ina jiran a ce in bar musu gida. Sai na ji an ɗaga tabarmar ƙofa, ga tsohon da kwanon koko da ƙosai, kwanon nan nawa da ya sa aka ware. Ya zauna, ya ɓalli ƙosai ya miƙo mini rabi. Na durƙusa na ba shi haƙuri da Hausa, ya amsa da yarensu, ba wanda ya nemi Kosi. Ƙosan nan da hawaye na haɗiye shi, ni da gemuna.

Amma fa tsorona na gaske yana gaba. Duk tsawon hanyar komawa, a jirgi da a kamiyo, abu ɗaya nake juyawa: yanzu Kosi yana da labari. Jagoran kumandan, mai karanta sawu, ya binne rigarsa a cikin teku ya kama tsoho da sata. In wannan ya shiga kasuwar Gure, na gama bin sawu, ko akuya ta ɓata ba mai kirana. Kuma in ya faɗa bai zalunce ni ba, ramuwa ce, ni na fara. Sau goma ina buɗe baki in roƙe shi, sai in ce da wane bakin?

Ranar kasuwa ta farko bayan mun dawo, dole na sa rigar, tun da ba ni da wata. Aka kewaye mu ana sannu da zuwa. Wani mahauci, wanda ya fi kowa dariya in ina kwaikwayon lema, ya kama hannun rigar ya ce, "Kai Jagora, me ya sami farar riga haka? Mai Lema, kai za ka gaya mana gaskiya, me mutumin naka ya aikata a garinku?"

Na dubi ƙasa. Kosi ya gyara riƙon lemarsa ya ce, "Ruwan teku ne ya jiƙa ta. Ya ci kifi, ya huta, har taru ya taya mutanenmu ja." Daga nan ya tambayi mahaucin ko akwai hanta.

Shi ke nan abin da ya faɗa, ran nan da kowace rana bayanta, har aka yi masa canjin wurin aiki bayan shekara huɗu. Na ci gaba da jagoranci har ƙafafuna suka gaza, ba wanda ya taɓa ji, sai yau da nake tona kaina da bakina. Ban sake ba da labarin hanyar Kelle ba, amma ban taɓa iya ce masa ya yafe mini ba. Na ba tsohon da na zaga na yini ɗaya haƙuri, na kasa ba wanda na zaga shekara shida. Wannan ita ce kunyar da ta fi ta ramuka bakwai, ita ce kuma ba ta wanku ba.

Don haka 'yan'uwa, in baƙo ya yi wauta a garinku, ku yi dariyarku a ciki, ku nuna masa hanya. Shi ma yana da garinsu, kuma ba lallai ne a dace da mai rufin asiri sau biyu ba.