Ranar da Na Yi wa Tarihin Adabka Jana'iza

Ba zan taɓa mantawa da watana na biyu a wurin aiki ba, duk da na sha ƙoƙarin mantawa. Lokacin na dawo Gummi da diflomar kwamfuta, aka ɗauke ni a ofishin wata makarantar sakandare. Ji nake duk faɗin ƙaramar hukumar babu wanda ya kai ni. (Ko rediyo Inna ta ce in duba mata, sai na gyara murya kafin in taɓa.)

A ofishin akwai Madam Rahila, mutuniyar Zuru, wadda ta fara aiki tun zamanin tafireta, saura shekara guda ta yi ritaya. Ina gaishe ta da ladabi, amma a zuciyata ban ɗauke ta a bakin komai ba.

Wata safiya da damina sai ga wani dattijo ya sauka daga kan babur, ƙafar wandonsa duk laka. Tsohon hedimasta ne daga Adabka. Ya kwance wani hankici, ya miƙo mini filash, ɗan abin nan na ajiyar fayilolin kwamfuta. Ya ce tarihin garinsu ne a ciki, wanda ya tattara daga bakin tsofaffi, aka buga masa a kwamfuta sama da shekara ashirin da suka wuce. Tsofaffin duk sun rasu, gara ta cinye rubutun hannun da ya yi. Ɗansa ne ya kwafo fayil ɗin kafin tsohuwar kwamfutar ta mutu. So yake a fitar masa a takarda tun idonsa na gani.

Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Malamai uku suka tsaya a kaina, abin da nake so ke nan. Na danna, fayil ya ƙi buɗewa. Na tilasta masa, sai allo ya cika da ƙananan akwatuna da alamomin tambaya. Sau uku ina sakewa. Maimakon in ce ban sani ba, sai na jingina da kujera.

"Baba, sai haƙuri, wannan ya mutu. Kuma gaskiya wanda ya buga maka shi bai san aikinsa ba."

Dattijon ya cire tabarau. Sannan ya ce a hankali, "Ke nan maganassu ta tahi tare da su."

Sai Madam ta taso ta ce, "Ɗana, ɗan matsa mini." Na matsa ina murmushin tausayi.

Ta dubi haruffa ukun da ke ƙarshen sunan fayil ɗin, ta ce lafiyarsa lau, da tsohuwar manhajar da aka daina yayinta aka rubuta shi, ta yanzu ba ta jin yarenta. Ta fara kwafe shi gefe don kada a taɓa na asali, abin da ko a raina bai zo ba. Sannan ta buɗe kwafin ta wata hanya mai tsamo zallar rubutu. Sai ga Hausa tana fitowa daga cikin tarkacen, sunayen rijiyoyi da na zuriya, layi bayan layi.

Saura haruffa masu ƙugiya, waɗanda suka fito a matsayin wasu alamomi. Ta ce kwamfutocin wancan zamanin ba su da su, sai kowane mai buga rubutu ya ɗora su a kan maɓallan da ya ga dama. Ta shiga mayar da su da ka, ba ta ko tsayawa tunani. Ni da bakina da ba ya gajiya, na tambaye ta yaya aka yi ta san wace alama ce ta wane harafi.

Ba ta ko waiwayo ba, ta ce, "Ni na buga shi, lokacin ina aiki a Bukkuyum."

Da ƙasa za ta tsage, da na shige. Wani malami ya fita da sauri, ina jiyo dariyarsa daga baranda. Dattijon ya mayar da tabarau ya ƙura mata ido, sai ya gane ta, ya yi ta sa mata albarka.

Ko sau ɗaya Madam ba ta tayar da maganar da na yi ba. Kujera ta jawo mini, ta sa na maimaita aikin da hannuna har na iya. Muka fitar masa da kwafi biyu, ta ce takarda dai ba ta neman manhaja.

Tun daga ranar ba na yi wa fayil jana'iza sai na tambayi na gaba da ni. Kuma kafin in kushe aikin wani, nakan waiwaya in ga waye zaune a bayana.