Ilu da Gilashin Falon Inna

Inna Dije 'ya'ya biyu Allah ya ba ta. Babban, Sallau, mai zanen gine-gine ne. Ƙaramin, Ilu, mutumin kirki ne, sai dai duk abin da aka faɗa masa haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Sallau ya ɗauko su daga ƙauye ya gina musu gida a birni, ya yi wa falon bangon gilashi mai kallon titi. In an latsa makunni sai ya yi fari kamar nono, in an sake latsawa ya washe. Inna dai ba ta san kowa a unguwar ba, kewa ta dame ta, kullum zancenta komawa gida.

Wata rana Sallau ya ce, "Ilu, in ka ga mutum zai wuce, ka latsa." Ilu ya kafa kujera gindin makunni. Mutum ya wuce, ya latsa. Na biyu ya wuce, ya sake latsawa. Da aka taso daga makaranta kuwa, gilashi ya dinga ƙyafta ido har Inna ta ce jiri take ji.

Wata rana aka ɗauke wuta, gilashin ya yi fari, dama haka yake in ba lantarki. Inna ta ce, "Wanke shi sai ya washe." Ilu ya yi ta dirza da soso har hannunsa ya yi laushi. Ana kawo wuta gilashi ya washe, Ilu ya ce, "Kin gani ko, Inna? Sai da ƙarfi!"

Wata rana Sallau ya gaji, ya ce, "Kada ka ƙara taɓa shi, ko me ya faru." A washe Sallau ya bar shi. Da hantsi Inna ta zauna ƙulla kayanta tana hawaye.

"Ilu, rufe gilashin nan."

"Yaya ya hana."

Ai kuwa wata dattijuwa mai wucewa ta hango ta, ta yi sallama. "Baiwar Allah, lafiya? Mu da muke zaton ba a son baƙi a gidan nan!" Kafin la'asar falo ya cika da matan unguwa ana ta hira, ƙullin kaya ya zama matashin kai.

Sallau ya dawo, ya kai hannu makunni. Inna ta ce, "Sauke hannunka, ina nan zaune. Kai ma ka ji maganar da ƙanenka ya ji: kada ka ƙara taɓa shi."