Fanka Ƙirar Folti

Ni ba a cutata a kasuwa. Haka nake gaya wa mutanen garinmu Urafane, har ranar da na je Tasawa sayen fanka mai aiki da hasken rana.

Ina shiga shagon na ga mai kaya ya sa ƙafa ya tura wani kwalin fanka ƙarƙashin tebur, jikinsa an rubuta FAULTY da jan alƙalami. Nan take raina ya ba ni wannan ce mai kyan, ya ɓoye wa nasa.

Na ce, "Waccan nake so."

Ya ce, "Alhaji, ba ta sayarwa ba ce, Katsina za a maida ta."

Na yi murmushi. "Haka kuke cewa kullum. Kamfanin Folti ai ba yau na san shi ba." Ya rantse har sau biyu, kowace rantsuwa tana ƙara mini zargi. Da ya gaji ya karɓi kuɗina, ya ɗaure mini ita a moto, wato babur ɗina.

A gida na tara maƙwabta, na danna. Ko motsi ba ta yi ba. Maƙwabcina Mushe Sani, mai koyar da Ingilishi, ya duba kwalin, ya ce ko na tuna "faute" da ake ja mana da jan biro a dikte, shiftar Faransanci a makaranta? Ya ce tushensu ɗaya da FAULTY, wato abu mai lahani. Uwargida ta ɗauki maficinta ta ci gaba da fifita.

Har yau, ko akuya ce ta gurgunce, sai an aiko a tambaye ni: "Alhaji Folti, ta kamfaninku ce?"