Famfon da Ya Zo Ƙauyenmu Ɗaukar Hoto

Jiya Talata na rufe shagon ɗinkina a kasuwar Bodinga tun da hantsi, na zura babbar rigar da nake zuwa ɗaurin aure da ita, na tafi kai koke wani ofishi da ba zan kama sunansa ba. Na dawo da la'asar. Ba a karɓi koken ba, sai yaba mini ɗinki da aka yi. Bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

Rijiyar ƙauyenmu, can ta wajen Shagari, ta rufta shekara biyu ke nan. Tun daga nan yayata Zulaihatu, mai jikoki huɗu da ciwon gwiwa, take tura jarkoki a baro zuwa rijiyar wani ƙauye, ta fita bayan asuba ta dawo rana ta take. Abin da muke riƙe da shi ɗaya ne: sunanmu yana cikin jerin garuruwan da za a haƙa wa burtsatse.

Sai bana Masu Girma, Allah ya ƙara musu lafiya da sanyin ofis, suka ce an daina kwangila a bayan labule. Komai ya koma intanet. Ba a sallamar ɗan kwangila sai ya ɗora hoton aikin da ya gama, kuma wayar da kanta ke shaida a wane gari aka ɗauki hoton. Wallahi na yi murna. Har na riƙa gaya wa masu kawo ɗinki cewa ɓarayin gwamnati sun shiga uku. Na manta su ma suna da waya.

Ranar wata Alhamis a-kori-kura ta shiga ƙauyen, ɗauke da famfon tuƙa-tuƙa sabo fil, an riga an kafe shi a kan falalen siminti. Ƙarti shida suka sauke shi a gindin darbejiyar masallaci. Shugabansu ya ce hoto za a fara ɗauka.

A nan muka kashe kanmu da kanmu. Mu mutanen mutunci ne, ba ma shiga hoto da kayan gona. Ba wanda ya tsaya tambayar ina ramin da za a ɗora famfon a kai, kowa ya ruga gida shiri. Ruwan da aka tanada don tuwo da shi aka yi wanka. Mai gari ya ɓata rabin awa yana naɗa rawani. Yaya Zulaihatu ta fito cikin atamfar da na ɗinka mata da ƙaramar salla, ita aka ba hannun famfon ta riƙe. Wani cikin ƙartin ya ari jarkarta ta ƙarshe, ya laɓe a bayan mata yana tuttulawa ta sama, ruwa yana fita ta baki. Aka yi guɗa, aka ɗauki hoto. Sannan suka mayar da famfon cikin mota, wai za a kai shi gwaji. Daga baya muka ji an gan shi a ƙauyuka uku kafin magariba, ko'ina ana yi masa guɗa.

To, shi ne jiya na je. Na tarar da Yallaɓai Mai Kwamfuta yana cin gyaɗa. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai.

Ya ce, "Malam, wanga zamani ya wuce. Ba mu amsar koke baki da baki, sai ta intanet. Amma bari in duba maka."

Ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Ga sunan ƙauyenmu an shafa masa kore, an rubuta an kammala. An cire mu daga jerin masu jira. Ya ɗora yatsa a kan hoton nan da aka ɗauke mu, yana gefen sunan.

"Wagga mai dariya, wa ta?"

"Yayata ta, ranka shi daɗe."

"To kai ka taɓa ganin mai ƙishirwa na dariya hakanga?" Ya matso da fuska. "Wa yay yi mata ɗinkin ga? Wuyan ya zauna."

Ina jin kunyar faɗa muku, amma na ce ni ne, kuma na ba shi lambata. Sai da na gama karanto masa ita na tuna abin da ya kawo ni. Na tambaye shi yadda za a mayar da mu cikin jeri. Ya ce abu mai sauƙi ne, in ɗora hoton da ke nuna babu famfo. Na ce ina da hoton gindin darbejiyar, fili fetal. Ya girgiza kai, ya ce kwamfuta ba ta amsar hoton da babu aiki a cikinsa.

Kada dai ku ce Attahiru tela ba ya son ci gaba. Da can in an cuce mu, sai an shekara biyar kafin mu ji labari, shi ma a bakin direbobi. Yanzu ranar da aka yi muke gani, da launi, har da ƙarfe nawa. Wannan ƙoƙari ne, kuma ina miƙa jinjina ga duk wanda ya sha shayi a taron ƙaddamarwa.

Da na fito na kira Yaya. Ina jin ƙarar tayar baro da hakinta.

"Attahiru, an mai da mu?"

"Ba a mai da mu ba, Yaya. Sun ce muna da ruwa."

Na ji ƙarar tayar baron ta tsaya. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"To hoton, na hito da kyau?"

"Ƙwarai kuwa."

"Ka wanko min shi babba, in rataya ɗaki. Jikokina su gani kakassu ta taɓa tsayuwa gaban ruwa ba ta yi tahiya ba."

Yau da safe na kai a wanke. Mai hoto ya tambaye ni ko a sa masa gilashi. Na ce a sa, kada ƙasa ta shiga ruwan.