Batiri a Rijiyar Lambu

Da batirin ordinatar ɗina, wato kwamfuta irin ta ɗorawa bisa cinya, ya kumbura kamar fanke, mai gyara a Maraɗi ya ce liƙe yake da gam, ba ya ciruwa. Na yi murmushi. Ni da ke kwance injin ban-ruwa ido rufe?

A lambunmu na sa wa batirin wuƙar albasa. Sai ya yi huci, hayaƙi ya turnuƙe, wata wuta ta tashi wadda ban taɓa ganin irinta ba. Na tsaya baki buɗe, sannan na wurga shi rijiya.

Yayana ya leƙa, ya ce, "Da wannan ruwan za mu shayar da salati?"

Sai da muka yashe rijiyar kakaf. Har yau in inji ya lalace a bakin tabkin Madarumfa, cewa ake, "A kira Injiniya, amma a rufe rijiyoyi tukuna."